Dandamalin shan iska a Minnesota: falankin gamin katako da roba, ko na PVC?

Wani magidanci da ke zaune a wajen birnin Minneapolis, a jihar Minnesota ta Amurka, ya aiko da tambaya a kan dandamalin katakon da ke bayan gidan da ya saya, irin wanda ake haɗawa da ƙofar baya domin shan iska. Ya ce katakon saman ya tsattsage, yana sukar yara a ƙafa, shi kuma ya gaji da shafa masa fenti duk bayan shekara biyu. Ɗan kwangila ya kawo masa farashi iri uku: falankin gamin katako da roba mai araha, irinsa mai tsada, da kuma falankin robar PVC zalla wanda ya fi su duka kuɗi. Dandamalin yana kallon yamma, babu bishiyar da ke yi masa inuwa, ya ɗaga daga ƙasa kamar ƙafa huɗu, iyalinsa ba sa hawansa da takalmi, kuma a nan yake gasa nama idan ya yi baƙi. Yana so ya san wanne ya kamata ya ɗauka.

Malam, da ni ne a matsayinka, da na ɗauki gamin katako da roba mai matsakaicin farashi, tsakanin biyun da aka kawo maka, mai riga (wato lulluɓin roba mai tauri), mai launi mai haske, sannan kuɗin da na rage daga barin PVC na zuba shi a gyaran ƙwarangwal ɗin da ke ƙarƙashi. Zan faɗi dalilaina, amma sai na fara da bayyana abin da kowane falanki ya ƙunsa, domin sunayen da kamfanoni ke raɗa wa kayansu sun fi rikita mai saye fiye da kayan kansu.

Abin da ake kira kwamfozit, wato gami, garin katako ne da ake cuɗawa da narkakkiyar roba, galibi irin robar da ake yin leda da ita, a tura cuɗin ta bakin inji ya fito a miƙe da siffar falanki. Kamfanin Trex da ke Winchester a jihar Virginia, wanda ya faro a matsayin wani sashe na kamfanin mai na Mobil kafin ya tsaya da ƙafarsa a 1996, shi ne ya fi kowa yaɗa wannan sana'a, kuma yana cewa kashi 95 cikin 100 na falankinsa tsofaffin ledoji ne da ragowar katako da aka sake sarrafawa. Falankan farko da suka shiga kasuwa tsirara suke, ma'ana garin katakon yana nan a fili a saman falankin, don haka yana shan ruwa, yana shan maiƙo, fumfuna tana kama shi ta bar ɗigo-ɗigon baƙi, rana kuma tana kashe masa launi cikin 'yan watanni. Kamfanoni da dama sun sha ƙara a kotu a kan haka. Wajen 2010 ne aka koma lulluɓe falankin da wata fata ta roba mai tauri wadda ake haɗawa da shi tun a cikin inji, ita ce nake kira riga. Yawancin labaran ɓacin rai da za ka ji daga bakin maƙwabta a kan kwamfozit na wancan tsohon zamani ne, kuma ba adalci ba ne a auna na yanzu da su. Sai dai har gobe ana sayar da marar riga a wasu wurare saboda arharsa, don haka tambayar farko da za ka yi wa ɗan kwangilarka ita ce ko farashinsa na farko na mai riga ne. In marar riga ne, cire shi daga lissafi, domin manja ko kitsen rago ɗaya da zai ɗiga a kansa ranar Sallah zai zauna a wurin har falankin ya tsufa.

Rigar ma iri biyu ce. Wasu kamfanoni suna rufe sama da gefe biyu su bar ƙasan a buɗe, suna cewa barinsa haka yana ba falankin damar fitar da damshin da ya shiga. Wasu kuma suna rufe ɓangarorin huɗu duka. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma a dandamali irin naka da ya ɗaga ƙafa huɗu, iska tana ratsawa ta ƙasa, bambancin ba shi da wani nauyi. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, duk inda zarto ya yanke falankin, bakin nan a buɗe yake ko da rigar ta zagaye shi, kuma ta nan ne ruwa ke samun hanya idan aka bar bakin yana zaune cikin danshi ko cikin tarin ganye.

Falankin PVC kuwa babu ƙwayar katako ko ɗaya a cikinsa. Dangin robar nan ce da muka sani a bututun ruwa da silin, amma ana kumbura ta da ƙananan kumfa yadda cikinta zai yi saƙa-saƙa, shi ya sa falankin bai kai na gami nauyi ba. Tunda babu abin da fumfuna ko gara za su ci a jikinsa, ba ya ruɓewa kuma ba ya kumbura da ruwa, wannan ne ya sa yake sarauta a bakin tafki, a gefen wurin ninƙaya, ko a dandamalin da ke dab da ƙasa inda iska ba ta shiga. Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne na AZEK, wanda yanzu ake sayarwa da sunan TimberTech. Aibinsa na farko tsada. Na biyu, wanda ya fi shafarka, shi ne motsi: roba tana miƙewa idan ta ji zafi, tana tsukewa idan ta ji sanyi, kuma PVC ya fi gami yin haka a tsawonsa, domin garin katakon da ke cikin gami yana riƙe robar ya rage mata tafiya. A garinku zafin bazara yana haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyos, sanyin Janairu kuma yana faɗawa ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili, falankin da ke kwance cikin rana kuwa yana ɗaukar zafi fiye da iskar da ke kewaye da shi. Falanki mai tsawon ƙafa 20 yana iya ƙaruwa ko raguwa da milimita da yawa tsakanin waɗannan yanayi biyu, kuma wurin da za ka ga haka shi ne mahaɗar baki da baki da kuma kusurwoyin da aka yanka a karkace, waɗanda za ka tarar sun buɗe baki da hunturu. Kafintan da ya ƙware yana magance wannan ta hanyar tsara aikin yadda mahaɗa za su yi kaɗan, da barin falankai su huce a inuwa kafin ya yanka, da ɗaure su yadda takardar kamfani ta umarta. Kafintan da ya saba da katako kawai, ya ɗauka duk falanki falanki ne, shi ne zai bar maka aikin da zai ba ka haushi a hunturun farko.

Akwai wasu iri uku da ba a kawo maka farashinsu ba, amma ya kamata ka san da su. Kamfanin Deckorators yana yin falanki da wata roba mai tauri da garin dutsen farar ƙasa a madadin garin katako; ba ya shan ruwa, kuma motsinsa da zafi kaɗan ne ƙwarai, don haka ga wanda yake son amfanin PVC ba tare da buɗewar mahaɗa ba, ya cancanci a nemi farashinsa a kwatanta. Akwai falankin roba zalla da ake yi da tsofaffin galan-galan na madara da na sabulun wanki, wanda ba ya mutuwa amma yana lanƙwasa ƙarƙashin nauyi, ya fi dacewa da bencin lambu da gadar bakin ruwa. Sai na alminiyam, wanda wuta ba ta cinsa, wasu ma ana sarƙa su da juna yadda ruwa ba zai zuba ƙasa ba, amma yana da tsada, yana yin ƙara idan ana tafiya a kai, kuma ba kowa ne ke son kamanninsa a gidan zama ba.

Yanzu ga maganar da na fi so ka tsaya a kanta, wato zafin rana a tafin ƙafa. Dandamalinka yana kallon yamma, yana shan ranar azahar zuwa la'asar ba tare da inuwa ba, 'ya'yanka kuma ba sa sa takalmi. Duk waɗannan falankai suna ɗaukar zafi, gami mai nauyi yana kuma riƙe shi ya daɗe bai saki ba, kuma falanki mai duhun launi a tsakiyar ranar Yuli yana iya wuce digiri 60, zafin da babba ma ba zai iya tsayawa a kai ba, balle yaro mai rarrafe. Masu PVC suna cewa nasu ya fi sanyi, wasu masu gami kuma, kamar MoistureShield, suna da nau'in da aka sa wa rigarsa sinadarin da ke mayar da hasken rana, kuma akwai gaskiya a duka biyun. Amma a abin da na gani a wurin aiki, launi ya fi nau'in kaya tasiri nesa ba kusa ba: gami mai ruwan toka-toka mai haske ko ruwan ƙasa-ƙasa mai haske zai fi PVC mai ruwan kofi daɗin takawa. Matsalar ita ce, a ɗakin nuni, ƙarƙashin fitila da na'urar sanyaya ɗaki, masu duhun ne suka fi ɗaukar ido, su ne suka fi kama da katako mai tsada, kuma nan ne mutane ke yanke shawarar da za su yi nadamarta. Kada ka zaɓi launi a shago. Ka nemi guntayen samfur, waɗanda dillalai ke bayarwa kyauta ko a kan kuɗi kaɗan, ka jera su a kan tsohon dandamalinka ranar da rana ta buɗe, ka koma wajen ƙarfe uku ka taka kowanne da ƙafarka, uwargida ma ta taka. A kan guntayen nan kuma ka ɗiga manja da man gyaɗa ka bar su kwana ɗaya kafin ka wanke, ka ja makulli a kansu ka ga wanne ke yin zane, ka zuba ruwa ka ji wanne ke santsi. Gwajin kwana biyu ne, kuma zai gaya maka abin da takardar talla ba za ta faɗa ba.

Wani abu da ke da alaƙa da rana, wanda mutane kaɗan ne suka sani: tagogin zamani masu gilashin da ke mayar da zafi suna iya tattara hasken rana su harba shi wuri ɗaya a kan dandamali, har falankin roba ya yi laushi ya lotsa ko ya canja launi. Yawancin kamfanoni sun cire wannan daga garantinsu ƙarara. Tunda bayan gidanka yamma yake kallo, ka duba da la'asar ko akwai wani wuri a kan katakon da haske ke taruwa ya yi ƙyalli fiye da sauran. In akwai, ragar taga ta waje ko rumfa tana kashe shi.

Gashin nama kuma, gaskiya ɗaya ce ga gami da PVC: garwashi ɗaya da ya faɗo zai narka rigar ya bar tabo, kuma ba a goge wannan tabo da samfefa kamar yadda ake yi wa katako, sai dai a cire falankin a sa wani. In gawayi kake amfani da shi, shawarata ita ce ka shimfiɗa 'yan duwatsun daɓe a ƙasa kusa da matakala ka mayar da murhun can, wanda ya fi aminci ga gidan ma baki ɗaya. In kuwa dole sai a sama, ka sa faifan da aka yi domin kare zafi a ƙarƙashinsa. Ka kuma kula da shimfiɗu: darduma ko tabarma mai bayan roba tana iya canja launin falanki idan ta daɗe a wuri ɗaya, musamman a kan PVC, haka ma man kare fata daga rana da maganin sauro na shafawa. Sallaya ko tabarmar da za a shimfiɗa a naɗe bayan an gama ba ta da wata illa.

Sai ƙwarangwal, wanda a ganina ya fi zaɓin falankin kansa muhimmanci. Duk waɗannan falankai sutura ce kawai. Ba sa ɗaukar nauyin gini. A ƙarƙashinsu akwai jerin katakan da zan kira azara, domin aikinsu ɗaya da azarar soro, kuma su har yanzu katako ne da aka dafa da magani, suna ruɓewa kamar kowane katako. Mutum zai sayi falanki mai garantin shekara 50 ya ɗora a kan azarar da ta riga ta ci rabin rayuwarta, bayan shekara bakwai ko takwas a ce sai an kwance komai. Na taɓa zuwa duba wani aiki da mai gida ke zargin kamfanin falanki da sayar masa da jabu domin saman ya yi tudu da kwari. Da muka leƙa ƙasa sai muka tarar tazarar azarorin inci 24 ce, wadda tsohon katako mai kauri ya jure, robar kuwa ta kasa. Ƙa'idar yawancin waɗannan falankai ita ce kada tazara ta wuce inci 16 daga tsakiyar azara zuwa tsakiyar ta gaba, ta koma inci 12 idan za a jera falankan a karkace, a matakala kuma a ƙara matsewa. Roba ba ta da taurin katako, tana bin duk yadda ta tarar da abin da ke ƙarƙashinta, don haka azarar da ta ɗara 'yan'uwanta tsawo ko da kaɗan sai ta nuna a sama, dole a fere ta ko a cike ta ƙasa kafin a fara jeri.

Ka sa ɗan kwangilar ya cire tsohon saman, ku bi azarorin ɗaya bayan ɗaya da sukundireba. Duk inda ya nutse cikin sauƙi, wannan katakon ya tafi. Ku fi mayar da hankali kan katakon da ke manne da bangon gida, domin yawancin dandamalin da ke ruftawa da mutane daga nan suke ɓallewa: dole a ɗaure shi da manyan noti ko sukurori da aka yi domin haka, ba da ƙusa ba, a kuma rufe samansa da kwanon da zai hana ruwa shiga tsakaninsa da bango. A saman kowace azara a liƙa tef ɗin nan mai danƙo da ke hana ruwa zama, kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da shekarun da yake ƙara wa katako. Tun ƙarshen 2003 aka daina dafa katakon gidajen zama a Amurka da tsohon maganin nan mai gubar asenik, magungunan da suka maye gurbinsa kuma suna da tagulla da yawa wadda ke cin ƙarfe, don haka duk ƙarfen da zai taɓa katakon ya zama marar tsatsa ko wanda aka yi wa wankan zinki mai kauri. In har za a taɓa ginshiƙai, ƙa'idar yankinku ita ce gindinsu ya nutse inci 42 a ƙasa, domin ya wuce inda ƙasa ke daskarewa ta tura gini sama. Kuma tunda dandamalinka ya haura inci 30 daga ƙasa, doka ta wajabta shingen gefe wanda bai gaza inci 36 ba. Wannan shinge, ka sani, yakan ci kaso mai tsoka na kuɗin aikin, don haka ka duba ko yana cikin farashin da aka ba ka. Ka tambayi ofishin gine-gine na garinku game da takardar izini, in kuma unguwarku tana da ƙungiyar masu gidaje, ka nuna musu launin kafin ka biya.

Garanti kuwa, kada tsawonsa ya ruɗe ka. Za ka ga shekara 25 a kan masu araha, har zuwa 50 a kan masu tsada, amma a yawancinsu abin da za a biya ka yana raguwa yayin da shekaru ke tafiya, kuɗin kafinta na cirewa da mayarwa galibi ba ya ciki, kuma duk ya rataya ne a kan cewa an bi umarnin girkawa: tazarar azara, giɓin da ke tsakanin falanki da falanki wanda yakan kai milimita 5 zuwa 6, giɓin baki da baki gwargwadon zafin ranar da aka yi aikin, da irin maɗauran da kamfani ya amince da su. Ka adana rasit, ka ɗauki hoton ƙwarangwal ɗin da awo a kai kafin a rufe shi. Ka kuma duba tambarin da ke jikin falankin ko ɗaurinsa, ka tabbata yana ɗauke da lambar ASTM D7032, wadda ita ce ma'aunin da dokar ginin gidaje ta Amurka ke nema ga irin waɗannan kaya. Falankan da ba su da suna, masu rami a ciki kamar bututu, ka guje su a Minnesota, domin ruwa yana shiga ramin ya daskare ya fasa su. Ana ma shigowa da irinsu Legas da Abuja daga Sin, kuma duk wanda zai sa su a can gida, inda ƙanƙara ba damuwa ba ce amma rana da gara suna nan, sai ya nemi mai haske, ya ɗora shi a kan ƙwarangwal na ƙarfe, ya yi masa rumfa.

Ka ce ka gaji da fenti, kuma lallai za ka huta da shi, amma ba za ka huta da tsintsiya ba. Fumfuna ba ta cin roba, sai dai tana tsirowa a kan ƙura da garin furanni da ruɓaɓɓen ganyen da suka kwanta a kanta, ko da PVC ne. Wanki sau biyu a shekara, bayan narkewar ƙanƙara da kuma bayan zubar ganye, da ruwan ɗumi da sabulu da buroshi mai laushi, tare da sakace giɓin da ke tsakanin falankai, ya wadatar. Dusar ƙanƙara a kwashe ta da shebur na roba, ana turawa bisa tsawon falanki, domin bakin na ƙarfe yana yanka riga.

Abin da zai sa na sauya shawara na ce ka ɗauki PVC shi ne da dandamalin yana dab da ƙasa, ko yana ƙarƙashin bishiyoyi inda ba ya bushewa, ko yana gefen ruwa. Naka a sama yake, a rana yake, iska tana bi ta ƙasansa, don haka babbar fa'idar da za ka biya ƙarin kuɗi dominta ba za ka more ta sosai ba, motsin da sanyin garinku zai jawo kuwa za ka gan shi. Tsakanin gami mai araha da mai tsada kuma, idan duka masu riga ne, bambancin yakan kasance a kaurin rigar, da kyawun zanen, da kuma cewa mai arahar an rarake ƙasansa domin a rage kaya. Ga gida mai yara da kujerun da ake ja, na tsakiya mai cikakken jiki ya fi kwanta mini. Ka nemi mai tsagi a gefe domin a ɗaure shi da ɓoyayyun maɗauri, babu kan sukuru da zai taɓa ƙafa, a zagaye bakin dandamalin da falanki marar tsagi wanda zai rufe yankakkun bakuna. Idan za a yi odar kaya, ka ƙara falanki biyu ko uku a kan lissafi, ka ajiye su a kwance a gareji a kan abin da ya daidaita, domin kamfanoni suna daina yin launi bayan 'yan shekaru, kuma ranar da garwashi ya faɗo ba lallai ne ka sami irinsa a kasuwa ba.